Finafinan da Iyali Za Su Kalla Tare: Shawarwarin Iyaye

A tattaunawar da wasu iyaye suka yi kan finafinan barkwanci da na almara, shawarar da ta fi karɓuwa ita ce a fara da barkwancin da ba ya buƙatar magana, irin na Charlie Chaplin, wanda fim ɗinsa The Kid ya fito tun 1921. Hujjarsu ita ce, kaka da jikanta ɗan shekara biyar za su tuntsire da dariya a lokaci guda, ba tare da an tsaya ana fassara musu Turanci ba.

A ɓangaren almara kuwa, an yabi My Neighbour Totoro, fim ɗin zane na ƙasar Japan na 1988, domin babu mugu a cikinsa, sai 'yan mata biyu da mahaifiyarsu ke kwance a asibiti, abin da yake taɓa zuciyar yaro matuƙa. Kirikou na 1998 ya janyo saɓani: tatsuniyar Afirka ta Yamma ce mai daɗi, amma matan cikinsa ba su rufe ƙirji ba. Ni ina tare da waɗanda suka ce uba ko uwa su fara kallonsa su kaɗai kafin a tara yara a falo.