Matrikil ne ke kashe wa malami ƙwazo? Muhawara daga Damagaram

Alhaji Mamman, Zango:
Assalamu alaikum. Ina so in sake tayar da maganar da muka fara ranar Asabar a taron kwamitin iyayen yara, wadda kiran sallar la'asar ya katse mana. Na ce, kuma ina nan a kan bakana, daga ranar da malamin makaranta ya sami matrikil, wato lambar ɗaukar aikin gwamnati, ya shiga sahun ma'aikatan gwamnati na dindindin, daga ranar aikinsa ke fara ja da baya, domin ya san babu mai iya taɓa albashinsa. Shekara 6 ke nan ina shugabantar kwamitin wata makarantar firamare. Na ga malamin da, lokacin yana ɗan kwantaragi, yakan iso kafin a kaɗa ƙarfen shiga aji, amma da sunansa ya fito cikin waɗanda aka ɗauka sai muka koma haɗuwa da shi a kasuwar Dole da hantsi, yana cinikin raguna, yara na can suna jefe-jefe da alli. Shawarata ita ce a mayar da kowane malami kan kwantaragin shekara ɗaya, idan shekara ta ƙare darektan makarantar da kwamitin iyaye su faɗi ko a sabunta masa ko a sallame shi.

Malam Ibrahim, Birni:
Wa alaikumus salam. Alhaji, abin da kake nema a gwada an riga an gwada shi a ƙasar nan, kuma ina cikin aiki aka yi. Tun wajen 1998 gwamnati ta fara ɗaukar malaman sa kai, daga baya aka mayar da su ƴan kwantaragi, kuma da shirin raya ilimi na shekara goma ya fara a 2003 sai ɗaukar kwantaragi ta zama babbar ƙofar shiga aikin malanta, har ya kasance mafi yawan masu riƙe da alli a firamare ba su da matrikil. Ba na musun cewa hakan ya sa an buɗe makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo ba, domin da kuɗin malami ɗaya na dindindin ana biyan fiye da ɗan kwantaragi ɗaya. To amma idan tsoron kora shi ne maganin lalaci, da ya kamata yaranmu su yi zarra. A gwajin PASEC na 2014, mai auna karatu da lissafin ƴan firamare, wanda aka yi a ƙasashe 10 masu amfani da Faransanci, Nijar ce ta zo ƙarshe, alhali a lokacin ƴan kwantaragin ne suka cika azuzuwa. Ina so ka gaya mini yadda wannan ya dace da hujjarka.

Sa'annan ka tuna dalilin da ya sa aka kafa wannan kariya ta matrikil tun farko. Ina darekta a wani gari na yankin Tanut, wani mai faɗa a ji ya zo har ofishina yana son a ɗaga ɗansa zuwa aji na gaba bayan ya faɗi. Malamin ajin ya ƙi, ni ma na ƙi, kuma abin da kawai ya ba mu ƙarfin halin ƙi shi ne mun san iyakar abin da zai iya yi mana canjin wuri. Da a hannun kwamitin garin kwantaragin malamin yake, wanda mutumin nan ke juyawa yadda ya so, da yaron ya wuce tun kafin shayin da na ba uban ya huce.

Malama Hadiza, yankin Dungas:
Baba Alhaji, ka yi mini haƙuri in sa baki cikin maganar manya, domin ni ce wadda kuke magana a kanta. Na fito daga makarantar horon malamai ta Askia Mohamed a nan Damagaram, kuma bana shekarata 9 ina kwantaragi. Abin da ake ba mu ko sunan albashi ba a yarda an ba shi ba, pekil ake ce masa, kuma akwai watannin da sai wani watan ya yi nisa kafin ya fito. Ajina na zana ne, ba ma iya kafa shi sai an gama girbi an sami kara, yaran da ke cikin rajistata sun haura 80, kuma idan iskar hunturu ta taso ina rubutu a allo ina share ƙura da gefen mayafi. Idan na yi fashin kwana biyu a wata, mafi yawan lokuta na tafi neman kuɗina ne, ko na tafi ba mai shagon da nake cin bashin gero a wurinsa haƙuri.

Cikin waɗanda muka fito tare, mafi ƙwazo sun tafi. Wani ya ci jarrabawar shiga jandarma, wata ta sami aiki da wata ƙungiyar agaji, wasu biyu sun koma kasuwanci tsakanin Magarya da Kano. Ba wanda ya kore su, su ne suka kori aikin, domin mutum ba ya gina gida a filin da aka ce masa aro ne. Tsoron da kake so a sa mana muna da shi tun tuni, kuma ban ga ya koya wa yaro ko ɗaya karatu ba.

Alhaji Mamman:
Ƴata, na ji, kuma Allah Ya saka miki da alheri. Jinkirin kuɗinku zalunci ne, ba ni da ja a kan haka. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar mai cinikin raguna. Shekara 3 muna kai ƙara, yana nan daram, albashinsa bai taɓa yin ciwon kai ba.

Mushe Lawali, Sabon Gari:
Alhaji, ni zan ba ka amsa, domin na yi aikin sufeton makarantun firamare kafin in yi ritaya. Ba gaskiya ba ne cewa ba a iya korar mai matrikil. Dokar ma'aikatan gwamnati ta 2007 ta tanadi matakan horo, kuma duk wanda ya yi aikin ofis ya san tsarin: darekta ya ba malami takardar neman bayani, a yi masa gargaɗi a rubuce, idan ya ƙaurace wa wurin aiki a dakatar da albashi, idan abin ya yi tsanani a gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa, wanda ke iya ba da shawarar kora. Abin da matrikil ke hanawa shi ne a kori mutum ba tare da an rubuta laifinsa an kuma ji ta bakinsa ba.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Ƙarar da kuka kai shekara 3, da baki kuka kai ta ko a takarda? Na tabbata da baki ne, domin darekta ba ya son a ce shi ya raba wani da abincinsa, kuma iyayen yara ba sa son sunansu ya fito. A duk tsawon aikina, sau ɗaya na haɗa cikakken fayil a kan malamin da ya yi wata 2 bai taka makaranta ba. Kafin takardar ta bar teburina, dattawa 5 sun zo gidana bayan isha'i da ƙullin goro, cikinsu har da limamin unguwarsu, suna cewa yana da mata biyu da ƴaƴa 11 da tsohuwa a gida. Washegari aka kira ni ta waya daga sama aka ce in bi a hankali. Fayil ɗin yana cikin aljihun tebur har na bar ofishin, kuma ba na faɗin wannan don yabon kaina. Ɓera da sata, daddawa ma da wari. Idan aka koma kwantaragin shekara-shekara, dattawan nan za su zo da goronsu duk ƙarshen shekara, kuma wanda za a sallama shi ne baƙon malamin da ba shi da kowa a garin, ko da ya fi kowa aiki.

Bashir, ɗalibi a Jami'ar André Salifou:
Iyayena, da izininku zan ƙara abin da masu bincike suka gano, domin ya ba kowane ɓangare wani abu. A yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, tare da abokiyar aikinsu, sun bi makarantun da kwamitin iyaye ya ɗauki ƙarin malami a kan kwantaragi, suka tarar ƴan kwantaragin sun fi na dindindin zama a aji, yaransu kuma sun fi samun maki. Wannan yana goyon bayan Baba Alhaji. Sai dai malaman nan matasa ne masu takardar horo, kuma suna aiki ne da fatan gwamnati ta ɗauke su dindindin, wato matrikil ɗin da ake son sokewa shi ne abin da suke gudu dominsa. Da aka faɗaɗa tsarin a Kenya, ya yi amfani inda wata ƙungiya mai zaman kanta ta tafiyar da shi, amma inda gwamnati ta tafiyar da shi ba a ga amfanin ba, kuma jinkirin biyan kuɗi na cikin abubuwan da aka lura da su. Wani binciken da ya kwatanta Mali da Togo da Nijar ya sami sakamako mai kyau ga ƴan kwantaragi a Mali, gauraye a Togo, mara kyau a Nijar.

A Amurka ma ana wannan jayayya. A jihar Kalifoniya wata kotu ta soke dokokin da ke kare aikin malamai a 2014, da hujjar cewa suna barin malamai marasa ƙwarewa a makarantun talakawa, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2016.

Hajiya Zuwaira, Garin Malam:
Bashir, Kenya da Amurka sun yi mini nisa. Ni uwa ce, kuma ɗana ya kai aji biyar bai iya karanta sunan magani a jikin kwali ba, alhali malaminsa ba ya fashi ko na kwana ɗaya. Saboda haka ban damu da rajistar zuwa aiki kaɗai ba, na damu da abin da ke cikin kan malamin. A 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, an yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa, ƙungiyoyin malamai suka tayar da ƙura, wasu suka ƙaurace, kuma waɗanda suka sami rabin maki ba su kai rabin masu rubutawa ba. A shekarar ce gwamnan Kaduna Nasir El-Rufai ya yi wa malaman jiharsa gwaji da tambayoyin ƴan aji huɗu, fiye da 21,000 suka faɗi, ya sallame su. Tambayata ga Mushe Lawali da Malam Ibrahim ita ce, wanda bai iya abin da zai koyar ba, da wane laifi za a rubuta masa takardar neman bayani? Ba ya fashi, ba ya sata, bai dai iya ba, kuma idan yana da matrikil zai zauna a kan ƴaƴanmu shekara 30.

Malam Ibrahim:
Hajiya, wannan ita ce tambaya mafi nauyi da aka yi yau, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba: tsarin ladabtarwa an gina shi ne don mai laifi, yana da rauni ƙwarai a kan wanda bai iya ba. A nan na yarda ƙungiyoyinmu na malamai, SNEN da SYNACEB da sauransu, sun fi ƙarfin murya a kan albashi fiye da a kan ingancin aiki. Amma ki lura cewa waɗanda jarrabawar 2017 ta tona asirinsu ta ƙofar kwantaragi suka shigo, ƙofar da aka bari a buɗe har aka riƙa ɗaukar mutum da takardar brebe, wato shaidar gama matakin farko na sakandare, wani lokaci ba horon kirki, a miƙa masa alli. A Kaduna kuwa, bayan an ɗauki sababbi a madadin waɗanda aka kora, a 2022 an sake sallamar fiye da 2,000 a kan wani gwajin. Kora ba ta haifo ƙwararren malami idan babu inda ake horar da shi, ko kuma aikin bai kai ƙwararre ya so shi ba. Abin da zan goyi baya shi ne a tsananta a bakin ƙofa: kwantaragi ya zama lokacin gwaji mai iyaka, shekara 3 ko 4, sufeto ya shiga ajin mutum ya zauna ya ga darasinsa sau da yawa, wanda ya cancanta a ba shi matrikil ba tare da sai ya san wani ba, wanda bai cancanta ba a sallame shi tun yana da ƙuruciyar neman wata sana'a. Riƙe mutum shekara 9 kamar Hadiza, ba a ɗauke shi ba kuma ba a sake shi ba, shi ne mafi muni.

Hajiya Zuwaira:
Wannan ya gyara na gobe, Malam. Na yau da ke cikin ajin ɗana fa? Ni dai ban janye ba, a riƙa gwada kowa bayan ƴan shekaru, mai matrikil da mara shi, wanda ya faɗi a mayar da shi horo, idan ya sake faɗi a ba shi wani aikin da ba na aji ba.

Alhaji Mamman:
Mushe Lawali ya yi mini hannunka mai sanda, kuma gaskiya ɗaya ce: da baki muka kai ƙararmu, kuma shekarun baya ni kaina na taɓa shiga ayarin masu kai goro saboda ɗan ƙanwata. Na sauka daga maganar kwantaragin shekara-shekara. Inda ban sauka ba shi ne iyaye su kasance da hannu a cikin lamarin. Zan kai wa kwamitinmu shawara mu buɗe littafin zuwa aiki na kanmu, mutum biyu daga cikinmu su riƙa sa hannu tare da darekta kowace Juma'a, a ƙarshen wata mu aika kwafi ofishin sufeto a karɓa a buga mana hatimi.

Mushe Lawali:
Ku yi kwafi biyu, Alhaji, ku riƙe mai hatimin a wurinku, kuma masu sa hannun kada su zama dangin wani malami a makarantar. Ku bar fili a gefen kowane suna inda malami zai rubuta dalilin fashinsa da hannunsa, domin idan babu bayaninsa, kwamitin ladabtarwa zai iya yin watsi da littafin gaba ɗaya.

Malama Hadiza:
Baba Alhaji, idan za ku ja layukan littafin, ina roƙon a ƙara layi ɗaya a ƙasan kowane shafi, a riƙa rubuta ranar da kuɗin ƴan kwantaragin makarantar ya fito a wannan watan, shi ma ya tafi ofishin sufeto tare da sauran.