Taƙaitawa: kai iyali lambunan Japan

Ga abin da na tattaro daga maganganun 'yan uwa:

1. Kusan kowa ya ce a fara da birnin Kiyoto. Lambun Ryoan-ji da ke can duwatsu 15 ne a kan farar tsakuwa, duk inda ka zauna ba ka ganinsu duka. Yara kam ba sa daɗewa sun gundura.
2. A je da sassafe.
3. Kan lokaci aka rabu: wasu farkon Afrilu saboda furen sakura, wasu Nuwamba da ganye ke yin ja.
4. Abinci sai an tambaya. Romon ramen (taliyar Japan mai romo) sau da yawa na alade ne, mirin (ruwan haɗin girki mai zaƙi da ake yi da shinkafa) kuma akwai giya a ciki. Wasu sun ce gasasshen kifi da shinkafa sun isa, wasu suka dage sai gidan abinci mai shaidar halal.