Birkina ya yi laushi, sai na taka har ƙasa

Mai Golf: Salam 'yan uwa, kwana biyu birkin motata ya yi laushi, sai na yi ta famfo kafin ya kama, jiya a danja saura ƙiris in daki ɗan adaidaita wallahi.

Direban tasha: Duba man birki tukuna, in ya ragu akwai yoyo, leƙa bayan tayoyi ko za ka ga jiƙa.

Mai Golf: Man na nan cike fa.

Bakanike: To iska ce ta shiga layin man birki, a yi maka bilidin, wato a fitar da iskar. Amma in ka danne shi mota na tsaye ya dinga nutsewa a hankali, robobin masta ne suka mutu, wato na cikin famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi.

Direban tasha: Malam dai ka ajiye motar nan, bakanike ya same ka gida.