Ra'ayinku kan faifan matashin mai gurumi da aka ɗauka a gaban jama'a

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman ra'ayin waɗanda suka saurari faifan nan da ke yawo a wayoyi a nan Damagaram tun bayan ƙaramar salla, na matashin da ke rera waƙoƙin da ya tsara da kansa, yana kaɗa gurumi shi kaɗai, babu ƴan amshi, babu kalangu, babu fiyano. An ɗauki faifan ne da dare a tsakar wani gida a cikin Birni, jama'a na zaune a kan tabarmi, kuma ba a kai shi sutudiyo an goge komai ba, shi ya sa ana jin tarin wani dattijo, da ƙarar kabu-kabu da ya bi ta lungu, har da inda mawaƙin ya dakata yana ɗaure tsirkiya. Babu wani kamfani a bayansa, da kuɗinsa ya yi aikin.

A fadarmu ta hira an rabu biyu. Wasu sun ce wannan ita ce waƙa ta gaskiya, wasu kuma sun ce rashin hali ne kawai ya sa ya fitar da abin da bai kammala ba. Ni dai faifan ya shiga raina sosai. Tambayata ita ce, shin kaɗaicin nan da rashin gyaran ƙarfi ne ga faifan, ko kuwa naƙasu ne da muke yafe masa saboda ɗan gida ne?

Tsohon Malamin Makaranta, Zengo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na saurara, kuma yaron yana da murya da hankali, amma ina cikin waɗanda ke ganin akwai gibi. Waƙarmu ta baka a kan gindi (layin da ake ta maimaitawa) da ɗiya (baitocin da ke biyo shi) aka gina ta. Jagora ya kawo ɗa, ƴan amshi su karɓa su mayar da gindin, a wannan ɗan lokacin shi kuma ya numfasa ya shirya abin da zai faɗa a gaba. Duk wanda ya taso yana jin Ma'azu Ɗan Alalo da sauran makaɗan fada ya san cewa rabin daɗin yana cikin karɓin ne, domin ta nan mai sauraro yake samun ƙofar shiga waƙar, har ya riƙa bin ta da bakinsa. A wannan faifan yaron ne ke kawo ɗa, shi ne kuma ke mayar wa kansa gindi, kuma a waƙoƙin ƙarshe ana jin numfashinsa ya fara gazawa. Da ya samu ko mutum biyu a bayansa, da nauyin ya ragu, da kalmominsa sun fi fita.

Mai Gyaran Rediyo, Sabon Gari:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma, ina da ɗan ja a kan maganarka. Waƙar mutum ɗaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna, ba tare da ƴan amshi ba, kuma babu wanda ya ce waƙarsa ba ta cika ba. Abin da ke faruwa shi ne, idan babu masu karɓi, abin kiɗan ne ke karɓa. Ka sake saurara za ka ji yaron yana ajiye murya a ƙarshen kowane ɗa, sai gurumin ya maimaita karin da ya rera, hawa da saukar daidai da na kalmomin. Harshenmu mai karin sauti ne, don haka kunnen Bahaushe yana jin magana a cikin tsirkiya ko da baki bai furta ba.

Game da ɗaukar kuma, sana'ata ta sa na lura da wasu abubuwa. Da alama makirfo ɗaya aka kafa, kuma ya fi kusa da bakinsa, shi ya sa gurumin yake komawa baya duk lokacin da ya ɗaga murya. Da an sa na biyu kusa da ƙwaryar, da an ji kaurin sautin fatar. Tsayawar da ya yi yana ɗaure tsirkiya kuwa ba sakaci ba ne. Fatar da aka rufe ƙwaryar da ita tana ɗamewa da zafi, tana saki idan dare ya yi sanyi, sautin ya sauka, dole makaɗi ya gyara. Ni ba zan so a yanke wannan wurin ba. Sai dai ina roƙon masu yanke hukunci kada su yi shi da lasifikar waya, wadda ba ta iya fitar da ƙasan sauti, musamman idan faifan ya bi ta hannu da yawa a WhatsApp an matse shi. A nemi na asali a kati, a saurara da abin kunne ko a rediyo mai kyau.

Uwargida daga Garin Malam:

Sallama gare ku duka. Ni abin da ya tsayar da ni ba kiɗan ba ne, maganar ce. Waƙar da ya yi kan matan da ke ɗaukar yara su nufi arewa neman abinci ta tuna mini da abin da ya faru a watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, da yawansu daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Bai ambaci sunan kowa ba, bai zagi kowa ba, amma da ya kai wurin da uwa ke raba sauran ruwan da ya rage, gidan ya yi tsit, sai wata mata daga cikin jama'a ta yi salati da ƙarfi. Wannan salatin yana cikin faifan, kuma babu sutudiyon da zai iya ƙirƙiro shi. Da an zuba wa waƙar fiyano da na'urar da ke gyara murya, irin yadda ake yi wa waƙoƙin biki, da ta zama abin rawa, kuma wannan magana ba ta rawa ba ce.

Inda nake tare da Malam shi ne waƙar rashin ruwa. Duk wanda ya taɓa tashi da asuba yana jiran layin famfo ko ƴan garuwa a wannan gari zai so ya sa baki a cikinta, amma gindin ya yi tsawo, ba ya kamuwa. Wannan kam tana neman ƴan amshi.

Akwai kuma abin da ba mu taɓo ba. Kowa a cikinmu tura masa aka yi, ko a waya ko a wurin masu tura waƙoƙi a kasuwar Dole, kuma ban ji wanda ya ce ya ba yaron ko dala ba. Makaɗin fada yana da ubangida, mawaƙin biki yana da liƙi, shi wannan ba ya yabon kowa, to wa zai riƙe shi? Ya kamata wani na kusa da shi ya nuna masa hanyar yin rajistar waƙoƙinsa a hukumar BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa, domin idan gidajen rediyo suka fara sa su, ya samu abin da doka ta ba shi.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Na gode Baba Malam, na gode Hajiya, na gode Malam mai rediyo. Na samu na asali a kati kamar yadda aka ba da shawara, kuma lalle gurumin ya fi fitowa, har ana jin yatsunsa a kan tsirkiya. Maganar numfashi gaskiya ce, waƙoƙi biyu na ƙarshe sun nuna gajiya, kuma da ya jera su tun farkon dare da sun fi haka. Amma har yanzu ina ganin waƙar hamada ba ta bukatar kowa a bayansa. Mun yi shawara a fadarmu za mu haɗa ɗan abin da ya sauwaƙa mu kai masa ranar Juma'a bayan masallaci, kuma zan isar masa da batun rajista da na makirfo na biyu. Wanda ke son sa hannu ya yi mini magana kafin ranar Alhamis.