Ajiye wa birai abinci a gefen gona: doka ta yarda?

Manomin Alkaleri:
Assalamu alaikum. Gonakinmu suna kusa da dajin Yankari, kuma gwaggon biri ya addabi masara. Wasu sun ba da shawarar a riƙa zuba musu dusa da ɓawon rogo can nesa da shuka, wai in sun ƙoshi za su bar gona. Shin doka ta hana? Kuma dabarar tana ci?

Malamin Daji:
Wa alaikumus salam, Malam. Dokokinmu sun fi ƙarfi a kan farauta, kamawa da sayarwa: akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, da ta tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke neman ƙarewa, wadda aka gyara a 2016. Yankari kuwa ta koma hannun gwamnatin Bauchi tun 2006, don haka hukumar dajin za ka tuntuɓa kafin ka zuba komai kusa da iyaka. Inda mutane ke faɗawa cikin matsala shi ne abincin ya zama tarko. Da zarar an haɗa shi da waya, rami ko guba, an shiga babin farauta ba izini.

Ma'aikaciyar Gona:
Ɗan'uwa, ko da doka ta yi shiru, kada ku fara. Garke ɗaya kan kai hamsin ko fiye, buhun dusa ba zai kai su ko'ina ba. Manyan maza ne ke danne wurin, sauran su wuce cikin masara. Kuma biri ba ya barin ɗanyen goyo don dusa. Abu mafi muni, tsoron mutum yana fita daga ransu. Dubi biran sansanin Wikki, masaukin baƙi na dajin Yankari, waɗanda suka saba da ragowar abincin baƙi: leda suke fizgewa daga hannun mutum, su shiga ɗaki in an bar ƙofa. Ranar da kuka daina zubawa, rumbu da kaji za su nufa, yara ma ba su tsira daga cizo ba.

Abin da ke aiki gadi ne. Daga lokacin da masara ta yi goyo har girbi, a kafa rumfa mai tsayi a ɓangaren da ke fuskantar daji. A share ciyawa da ƙananan itatuwa tsakanin gona da daji don a hango su tun daga nesa. Da rana suke ɓarna, musamman da sassafe, dare kuwa suna kan itace ko dutse. Manya su yi gadin, da karnuka da gwafa, domin birai sun raina yara. Mutum-mutumi da gwangwani kwana kaɗan suke yi kafin su gane, sai an riƙa sauya musu wuri. Layukan bakin daji a sa barkono maimakon masara.

Likitan Dabbobi:
Ƙari kan maganar Ma'aikaciyar Gona: tulin abinci yana tara gadu, ɓeraye da karnuka wuri guda, nan cuta ke yaɗuwa zuwa dabbobin gida. Wanda biri ya ciza, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai shi asibiti ranar don allurar haukan kare da ta tetanus.