Taƙaitawa: Ina karatun faranko-arab yake kai ɗalibi bayan bak?

Jama'a, muhawarar da aka yi kan makomar ɗaliban faranko-arab (makarantun Nijar da ke koyarwa da Faransanci da Larabci) bayan bak, wato jarrabawar gama sakandare, ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kan tarbiyya babu saɓani. Yaron da ya fito daga lise (babbar sakandare) ta faranko-arab ya iya salla da karatun Alƙur'ani, kuma ƴan kasuwar Dole ta Damagaram sun fi sakin jiki su bar masa shago da aljihun kuɗi.

2. Faransanci ne ƙashin bayan rigimar. Da yawa sun ce ɗalibin da Larabcinsa ya fi Faransancinsa ƙarfi yakan sha wuya a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, haka ma wurin jarrabawar ɗaukar ma'aikata. Wasu sun musa, suka ce laifin makaranta ne da ba ta da malaman lissafi da kimiyya. Ni dai na fi karkata nan. Shawarar da aka yi ta maimaitawa: uba ya shiga aji ya buɗe littafin yara ya ga gyaran malami, kada allon bakin ƙofa ya ruɗe shi.

3. Hanyar gaba: Jami'ar Musulunci ta Say, wadda aka buɗe a 1986, ko Azhar, ko Madina. Sai dai masu dawowa da yawa koyarwa suke samu, galibi a kwantaragi, albashi na makara.

4. Ƴan mata: iyayen da suka ƙi boko zalla sun yarda da faranko-arab. An rabu kan aure kafin bak, ba a daidaita ba.

5. A haɗa da sana'ar hannu lokacin hutu.