Musayar Waƙa: Shuɗin Ƙoƙon Mario Kart, Adalci ne ko Cuta?

Direban Gaba:
Salama 'yan uwa. Jiya da dare muna buga Mario Kart 8 a gida, wasan bidiyo na tseren motoci inda ake fasa akwatuna a ɗauki makamai. Abin da shuɗin ƙoƙo, makamin da ke bin wanda ke kan gaba, ya yi mini ya sa na ɗauki alƙalami. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Zagaye uku ina kan gaba,
Ban daki bango ba, ban kauce ba,
Layin ƙarshe har ina hangowa.

Sai ƙara ta taso a bayana,
Shuɗin ƙoƙo ya kewaye kaina,
Ya fashe, motata na wuntsilawa.

Mutum huɗu suka wuce ni a nan,
Wa ya ƙera makami irin wannan,
Da ba ya farautar kowa sai mai cinyewa?

Autar Gida:
Yaya sannu, tsaya ka ji ƙanwa,
Akwatin nan da muke fasawa,
Matsayinka yake fara dubawa.

Na gaba, ɓawon ayaba ne nasa,
Ko sulalla, ko koren ƙoƙo ya isa,
Kayan tsaron baya da karewa.

Na baya shi ke samun tauraro,
Da tsawa mai mayar da babba yaro,
Da Bullet Bill mai ɗauka da tserewa.

In babu su, tun zagayen farko,
Sha'awata ba ta yin ƙarko,
Sai in aje in bar maka bugawa.

Direban Gaba:
Ƙanwata, tauraro ban ƙi ba,
Ke ya tura, ni bai nufo ba,
Amma ƙoƙon wa yake amfanarwa?

Kin jefo daga can ƙarshen layi,
Kina nan inda kike, to me ya yi?
Ko taku ɗaya ba ki matsawa.

Na biyu ya tsinci dami a kala,
Ba gumi, ba wata wahala,
Hakkina ne yake kwashewa.

Malam Mai Zane:
Ƙannena, ku ba ni wuri kaɗan,
Maƙeran Nintendo na can Japan,
Sun daɗe ƙoƙon nan suna gyarawa.

1996 aka fara ganinsa,
A Mario Kart 64, ƙaya a bayansa,
Ƙasa yake bi, na hanya yana bugewa.

2003 suka sa masa fiffike,
A Double Dash sama yake miƙe,
Na tsakiya duk yana tsallakewa.

2011 suka cire fiffiken,
Mario Kart 7 ta dawo da tsohon aiken,
Don na baya ya sami hanyar kutsawa.

Ƙorafinka ɗan'uwa ya kai musu,
2014 ƙaho ya zo daga gare su,
Busa ɗaya, shuɗin ƙoƙo na tarwatsewa.

Abin da ke burge ni a ƙirar nan,
Na gaba ba ya sakin jiki ko nan da can,
Wani har birki yake takawa,
Ya bar na biyu ya sha gabansa,
Ƙoƙon ya sauka a kansa,
Dubi dabarar da abu ɗaya ke haifarwa.

Direban Gaba:
Malam, ka taɓo inda ke ciwo,
A zagaye na biyu ƙahon ya zo,
Jan ƙoƙo na gani na yi busawa.

Yau da dare Auta ki shirya,
Ƙahon zan riƙe har ƙarshen hanya,
Ki jefo shuɗin, ina saurarawa.